Muhawara: Sauya ƙwayayen wuta zuwa LED a masallaci da shaguna da gidajenmu

Sakataren ƙungiya:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyaye da yayye da ƙanne. A zaman da kwamitin ci gaban gari ya yi bayan sallar Juma'a, an kawo shawarar a cire tsofaffin ƙwayayen wuta na masallacin Juma'a da na Islamiyya da na layin shagunan bakin tasha, a sa ƙwayayen LED a madadinsu, sannan a yi kira ga magidanta su ma su sauya na gidajensu. Ba a tsayar da magana ba, domin wasu daga cikin dattawa sun ce ba su ga dalilin cire ƙwan da yake ci a kashe kuɗi a sayi wani ba, alhali wutar ma ba kullum take zuwa mana ba. An umarce ni in kawo maganar nan zauren, na gida da waɗanda ke Kano da Dutse da sauran wurare kowa ya faɗi abin da ya sani.

Malamin kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Bari in fara da yadda ƙwayayen suke aiki, domin a nan bambancin yake. Tsohon ƙwai mai zare a ciki, wuta ce take bi ta siririyar waya har ta yi zafin da ya haura digiri 2000, sai ta yi haske. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama, shi ya sa ba a iya taɓa shi idan ya daɗe a kunne. Ƙwan LED ba ya buƙatar ƙona komai kafin ya ba da haske, saboda haka ƙwai mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 yake bayarwa, wato kimanin lumen 800. Wat ma'aunin wutar da ƙwai yake sha ne, lumen kuma ma'aunin hasken da yake fitarwa, kuma shi ya kamata mai saye ya fara nema a jikin kwali.

Mu ɗauki gida mai ƙwai 8, kowanne wat 60, ana kunna su awa 5 a dare. Jimillarsu wat 480 ce, kuma da yake yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na awa ɗaya, ya zama yunit 2.4 a kowane dare, yunit 72 a wata. Idan aka mayar da su LED masu wat 9, jimillar ta koma wat 72, kuma a wata ba za su kai yunit 11 ba. Ga kuma tsawon rai: tsohon ƙwai awa 1,000 ake yi masa lissafi, LED mai kyau kuwa daga awa 15,000 zuwa 25,000.

Mai tireda na bakin tasha:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, lissafinka ya fita sarai. Amma wannan lissafi na mai mita ne. A duk layinmu gida nawa ne ke da mitar kati? Mu takarda ake kawo mana a ƙarshen wata da kuɗin da aka ƙiyasta, ko ka kunna ƙwai ɗaya ko ka kunna ashirin, ko ma ka kulle gidan ka tafi cin rani. Idan na cire ƙwayayen gidana na sa LED, yunit 61 ɗin da ka ce na rage ba za su fito a takardata ba. Ina so a gaya mini a ina ribata take, domin ni abin da na gani shi ne zan sayi ƙwai da tsada, bil kuma ya zo yadda ya saba zuwa.

Malamin kimiyya:
Alhaji, ka faɗi gaskiya, kuma ba zan ce maka bil ɗinka zai ragu washegari ba. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar gwargwadon awannin da ya kamata su samu a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 da aka ɗaga farashin yunit zuwa naira 225, rukunin A kaɗai abin ya shafa, kuma su ne kowane yunit yake yi wa ciwo. Mu da muke can ƙasan jerin, ba mu da mita kuma, ribarmu ba ta takardar bil za ta fara bayyana ba. Ta wajen fetur da batir da lafiyar taransfoma za ta zo, kuma masu wannan sana'a sun fi ni iya bayaninta.

Mai wayarin:
Assalamu alaikum. Alhaji, ranka ya daɗe, ni ne ake tasowa da dare idan fis ɗin taransfoma ya ƙone, saboda haka bari in faɗi abin da nake gani. Matsalar ba da rana take faruwa ba. Tsakanin magariba da ƙarfe tara na dare take faruwa, lokacin da kowane gida ya kunna duk ƙwayayensa a tare. Wutar da ya kamata ta iso gida da ƙarfin bolt 230 sai ta faɗi ƙasa sosai, musamman ga mutanen unguwar gabas da suke ƙarshen layi, har ka ga zaren tsohon ƙwai ya yi ja kawai ba ya haska ɗaki, dogon ƙwai mai cok da sitata kuma ya yi ta ƙyafta ido ya kasa tashi. Idan gida 200 kowanne ya sauke wat 400 daga kan layin, an sauke wa taransfoma nauyin kilowat 80 a daidai lokacin da ya fi shan wahala. Kuma kowa ya san idan taransfoma ya ƙone, mu ake bi gida-gida karo-karo, mu zauna wata da watanni a duhu kafin a gyara. Wannan kuɗin karo-karon shi ne bil ɗin da ba a rubuta maka a takarda ba, Alhaji.

Sai dai ina da gargaɗi, kuma shi ne ya fi damuna a duk maganar nan. Kasuwa ta cika da jabun ƙwayaye. Ina fasa waɗanda suka mutu in duba cikinsu. Za ka ga an rubuta wat 30 a kwali, ka buɗe ka tarar da 'yan ƙwayoyin haske jere a kan falle marar kauri, babu alminiyon da zai janye zafi, ɗan kafasitan da ke ciki ya kumbura kansa ya tashi, ɗaya daga cikin ƙwayoyin kuma ya yi baƙin ɗigo a tsakiya. Da yake a jere aka haɗa su, ɗaya na ƙonewa duk sauran sun mutu. Zafi ne babban abokin gabar LED, mu kuma ɗakunanmu na kwano ne, da yawa babu silin, a watan Afrilu ƙwan da ke rataye kusa da kwano yana gasuwa tun da rana. Awa 15,000 da Malam ya ambata ta ƙwai mai kyau ce. Jabu wani ko damina ɗaya ba ya gani. Arha ba ta ado.

Sakataren ƙungiya:
Injiniya, to ta yaya mutumin da bai san harkar wuta ba zai bambance mai kyau da jabu a gaban mai shago?

Mai wayarin:
Ba a rasa alamu, Malam Sakatare, ko da yake babu wadda ta isa ita kaɗai. Ka ɗauki ƙwan a hannu, mai kyau yana da ɗan nauyi a gindinsa saboda alminiyon da ke ciki. Ka duba ko an rubuta lumen, idan kuma aka ce wat 9 amma lumen ɗin ya kai dubu uku, ƙarya ce, domin galibin ƙwayayen gida lumen 80 zuwa 110 suke bayarwa a kan kowane wat. Ga mu mutanen karkara, abin da ya fi muhimmanci shi ne a ga an rubuta 85 zuwa 265 a wajen bolt, domin irin wannan yana ci da cikakken haskensa ko wuta ta yi ƙasa, yana kuma jure ta idan ta dawo da ƙarfi. Sannan ka kula da gindin, akwai mai ƙafa biyu da ake dannawa a juya, wanda aka rubuta wa B22, akwai mai murɗawa, E27, kada a sayo abin da ba zai shiga holdar ba. Na ƙarshe, ka saya a wajen wanda zai rubuta kwanan wata a jikin ƙwan da maka, ya yarda ya canza maka idan ya mutu kafin wa'adi. A Sabon Gari akwai 'yan kasuwar da suke yin haka, kuma wanda ya yarda ya rubuta ya san abin da yake sayarwa.

Hajiya mai kiwon kaji:
Assalamu alaikum. Ni ina goyon bayan sauyin a ɗakunan kwana da tsakar gida, amma ina roƙon kada a yi shela a ce tsohon ƙwai ba shi da sauran amfani, domin mu masu kiwon kaji zafin nan da Malam ya kira asara shi muke saye. 'Yan tsaki a makonsu na farko suna buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, kuma da ƙwai mai wat 100 ko 200 muke ba su idan akwai wuta, idan babu mu koma kaskon gawayi. A sanyin hunturun da ya wuce wata maƙwabciyata ta sa wa tsakinta LED saboda an ce mata ya fi kyau, ɗakin ya yi haske fes, amma da asuba ta tarar sun taru a lungu ɗaya sun danne juna saboda sanyi, ta yi asarar da yawa. Matan da suke kiwo a cikin gida suna da yawa a garin nan, kuma ba duka ne suke cikin wannan zaure ba. Idan za a yi sanarwa a masallaci, a haɗa da wannan bayanin.

Malamin kimiyya:
Hajiya, wannan gyara ne mai muhimmanci, Allah ya saka da alheri. Inda ake neman ɗumi, tsohon ƙwai yana aikinsa daidai. Amma idan kajin suka girma suka fara ƙwai, abin da suke buƙata haske ne na kimanin awa 16 a rana, a nan kuma LED ya fi dacewa, domin a lokacin zafi ƙarin ɗumi cutar da su yake yi.

Tela:
Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Ni shaidata ta janareto ce. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, duk mai shagon da ke aikin dare ya san abin da fetur yake ci masa. Ƙaramin janareton nan da yawancinmu muke da shi, ƙarfinsa bai wuce wat 650 ba. A da ina da ƙwai huɗu masu wat 100 a shago saboda aikin surfani yana son haske, ka ga wat 400 sun tafi kafin in kunna keken zigzag ko fanka, kuma da na taka keken sai janareton ya canza murya, hasken ya dushe. Yanzu ƙwai huɗu masu wat 15 nake da su, wat 60 gaba ɗaya. Ba zan ce man da nake sha ya ragu daidai da yadda wat ya ragu ba, domin janareto yana shan mai ko babu kaya a kansa, amma ya ragu, kuma yanzu keke da fanka da ƙwayaye suna aiki tare ba tare da inji ya shaƙe ba. A azumi, lokacin ɗinkin sallah da muke kwana a shago, rashin zafin ƙwai a saman kai ma wani sauƙi ne.

Abin da zan ƙara shi ne launin haske. Akwai fari tas da ake rubuta wa 6500K, akwai mai ɗan ja-ja irin na tsohon ƙwai, 2700K ko 3000K. Mu teloli da masu ɗinkin hula fari muke so, domin da shi ake bambance zare da zare. Amma mahaifiyata da na sa mata fari a ɗakinta ta ce yana kashe mata ido, sai da na canza mata mai ja-ja ta samu natsuwa. Ina ganin dattawan da suke ƙin LED, wasunsu launin ne bai yi musu ba.

Na'ibin Liman:
Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Na karanta bayanan kowa, Allah ya yi albarka. Ina cikin waɗanda suka ja da maganar a zaman kwamiti, kuma ina so a fahimci dalilina. Kuɗin asusun masallaci amana ce, taro da sisi ne na talakawa, kuma addini ya hana almubazzaranci. Ƙwan da yake ci lafiya, a cire shi a jefar, zuciyata ba ta kwanta da haka ba. Ra'ayina shi ne a bar kowane ƙwai ya ƙare kwanansa, wanda ya mutu a maye gurbinsa da sabon samfurin.

Mai cajin waya:
Allah ya gafarta Malam, ina neman izini in yi magana a kan masallacin, domin ni nake duba batirinsa. Batirin da ke haɗe da solar masallaci mai bolt 12 ne, amfiya 100, wato yana ɗaukar wutar da ta kai wat 1,200 na awa ɗaya, kuma irin wannan batir ba a son a sha fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko. Saura 600 ke nan. Ƙwai shida masu wat 60 za su shanye wannan cikin ƙasa da awa biyu, ba a ma sa lasifika a lissafi ba, shi ya sa sau da yawa Ladan yake zuwa kiran assalatu ya tarar inbata tana kuka. Ƙwai shida na LED masu wat 9 kuwa za su kai awa goma a kan wannan rabin batirin. Allah ya gafarta Malam, duk daren da aka bar tsofaffin ƙwayayen nan, batirin ake tatsewa har ƙasa, kuma batir ɗaya ya fi kuɗin ƙwai da yawa. A ganina barin su shi ne ya fi cin kuɗin amanar. Ba kuma sai an jefar da su ba, ga su Hajiya suna nemansu saboda tsaki, a sayar musu a sa kuɗin a asusu.

Na'ibin Liman:
Madalla, ɗana. Idan haka lissafin batirin yake, kuma ƙwayayen za su je inda za a amfana da su, ba ni da ja a kan na cikin masallaci. Na farfajiya da suke kan wutar gari kaɗai, ina nan a kan ra'ayina a bar su sai sun mutu.

Ma'aikaciyar lafiya:
Assalamu alaikum, iyayena. Ba a yi maganar murɗaɗɗen ƙwan nan fari da ake kira enaji ba, da dogon ƙwai, alhali su ne suka fi yawa a Islamiyya. Suna da sauƙin shan wuta idan aka kwatanta da mai zare, amma akwai zaiba a cikinsu, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman ga yara da masu juna biyu. Kaɗan ce a kowane ƙwai, amma ina ganin yara suna tsintar dogon ƙwai a bola suna fasawa suna wasa da farar hodar da ke ciki. Saboda zaibar nan ne ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Minamata, har da Najeriya, suka amince a daina ƙera irin waɗannan ƙwayaye da shigo da su sannu a hankali. Idan za a cire na Islamiyya, a tattara su a kwali ba tare da an fasa ba, a ajiye inda yara ba sa kaiwa, kada a zuba su a bola ko a kududdufi. Idan ɗaya ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga iska ta shiga, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da hannu ba.

Ina kuma so a tuna da gidajen da ba su da wayarin ko kaɗan, a rugage da ƙauyukan da ke kewaye da mu. Su abin da za su sauya fitilar ƙwai ce da aci-balbal, masu hayaƙin da yara suke shaƙa suna karatun allo, ga hatsarin gobara a ɗakin kara. Ƙaramar fitilar sola ta LED ta fi musu amfani fiye da duk abin da muke tattaunawa a nan.

Ɗalibi daga Wudil:
Ina gaida iyayena. Ƙorafin Alhaji mai tireda ya nuna cewa wanda ya sayi ƙwan daban, wanda ya ci ribar daban, kuma wannan ne ya sa a wasu ƙasashe gwamnati take ɗaukar nauyin sauyin. A shekarar 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya yi ƙasa wuta ta yi ƙaranci, gwamnatin Ghana ta raba ƙwayayen enaji miliyan 6 kyauta tana karɓe tsofaffin, kuma wutar da ake ja a lokacin cunkoso ta ragu da kimanin megawat 124. Tarayyar Turai ita kuma doka ta yi, ta janye tsohon ƙwai daga kasuwa tsakanin 2009 da 2012. Mu ba mu da ikon doka, amma ƙungiya za ta iya yin ƙaramin abin da Ghana ta yi, ta saro da yawa a farashin sari ta ba mutane bashi su biya kaɗan-kaɗan.

Mai tireda na bakin tasha:
Na ji bayanin Injiniya da na Tela, kuma a shagona zan sauya, tunda da janareto nake kwana kuma firijin lemo yana buƙatar duk ƙarfin da zai samu. Amma maganar gida har yanzu da saura. Idan na sauya nawa, maƙwabcina bai sauya ba, taransfoma bai san na yi ba. Kuma Injiniya, ka faɗa mana gaskiya, ƙwai ne kaɗai yake ƙona fis? Ina masu hita da dutsen guga da masu injin walda?

Mai wayarin:
Ba ƙwai kaɗai ba ne, ranka ya daɗe. Dutsen guga ɗaya wat 1,000 ne ko fiye, hitar dafa ruwa ma haka, ɗaya daga cikinsu ya fi ƙwan LED ɗari shan wuta, kuma a hunturu hita ce take kashe mana fis da asuba. Wannan sai an yi masa zama na daban. Bambancin shi ne guga da hita na ɗan lokaci ne kuma ba kowane gida ba, ƙwai kuwa kowane gida ne, kowane dare, a lokaci guda, har da waɗanda ake bari a kunne a ƙofar gida rana ta fito ta faɗi saboda babu makunni a jikinsu, an haɗa waya da waya kawai. Maganarka ta maƙwabci gaskiya ce, shi ya sa nake ganin kada a bar shi ga kowa ya yi lokacin da ya ga dama. A ɗauki layi ɗaya a gama shi gaba ɗaya, kuma ni da unguwar gabas zan fara, domin su ne wuta ba ta isa da ƙarfi. Ina da mitar gwaji, zan auna bolt a gidan ƙarshe da ƙarfe takwas na dare kafin a sauya, in sake aunawa bayan an sauya, in kawo lambobin nan kowa ya gani.

Hajiya mai kiwon kaji:
Idan za a ba da bashin kamar yadda ɗanmu na Wudil ya ce, a bi ta adashin mata, domin mu ne muke gida da dare kuma mu muka san ɗakin da ƙwansa ya mutu. Tsofaffin masu wat 100 da 200 kuma a kawo mana, za mu saya. Masu wat 60 ba sa ɗumama tsaki sosai sai an haɗa biyu ko uku.

Sakataren ƙungiya:
Injiniya, kafin in koma wa kwamiti ina buƙatar adadin holdojin masallaci da na Islamiyya, da irin gindin kowanne, domin kada a saro mai murɗawa a tarar da mai ƙafa biyu. Yaushe za ka samu dama?

Mai wayarin:
Ranar Alhamis da safe, in sha Allah, tunda babu karatu a Islamiyya. A sa Ladan ya bar mini mukullin ɗakin batir, kuma a nemo tsani dogo, domin holdojin tsakiyar masallaci biyu sun narke da zafin tsohon ƙwai, sai an canza su kafin a ɗaura sabo.